Tsoro a Kasuwar Maigatari, 1984

Yau zan mayar da ku 1984.

A watan Afrilun shekarar, gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa. Sai kuma damina ta zo da fari. A Nijar har sunan El-Buhari aka sa wa yunwar.

Kakana, mutumin Sule Tankarkar, ya sha ba mu labarin wata Alhamis a kasuwar Maigatari. Kowa ya koro dabbarsa don kada ta mutu a hannunsa. Shanu suka faɗi warwas, gero ya yi tsada. Tsoro ya kama shi, ya sayar da shanunsa biyu a wulaƙance. Maƙwabcinsa kuwa ya riƙe nasa har ruwa ya dawo.

Na ce, "Kaka, ya fi ku dabara ke nan?"

Ya ce, "A'a, rumbunsa ne da gero. Wanda yaransa ke kuka ba ya iya jira."

To jama'a, kafin ku zuba jari, ku ware na tuwo tukuna. Sai hankali ya kwanta ake lissafi mai kyau.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.