Ƙanƙarar da ke toshe bututun mai

Jama'a, da an ce bututun mai ya tsaya, ɓarayi muke fara zargi. To amma akwai wata tsohuwar matsala da ke tasowa daga cikin bututun kansa.

A 1934 wani masani a Amurka, Hammerschmidt, ya gano cewa abin da ke toshe bututan gas ba ƙanƙarar ruwa zalla ba ce. Idan sanyi ya haɗu da matsi mai ƙarfi, ruwa kan kulle gas a cikinsa, su daskare tare tun sanyin bai kai na ƙanƙara ba. Sai aka shiga zuba methanol, amma da yawa ake buƙata, ga tsada.

A shekarun 1990 aka fito da wasu sinadarai dangin sabulu. Ba sa hana daskarewar, lulluɓe ƙwayoyin suke yi don kada su manne da juna, sai mai ya tafi da su. Sai dai fa kowane mai da halinsa. Wani ɗanyen mai yana ɗauke da sinadaran da ke hana mannewa, wani babu, kuma idan ruwa ya yi yawa a ciki, maganin kan raunana. Shi ya sa sai an gwada shi da man kowace rijiya.

A 2010, a Tekun Meziko, wannan ƙanƙara ce ta toshe ƙaton murfin farko da aka saukar kan rijiyar da ta fashe. Mu ma rijiyoyin Bonga suna ƙarƙashin ruwa mai zurfin sama da mita 1,000. Yaranmu nawa muka koya wa wannan ilimi?