Tayar babur a hanyoyin karkarar Gaya da Ajingi

Tayar babur ta hanyar karkara ita ce tayar da ake zaɓa wa babur ɗin da yawancin tafiyarsa ba a kan kwalta take ba, wato a kan burji, rairayi, laka da 'yan hanyoyin da suka ratsa gonaki. A ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin Jihar Kano, kusa da iyakar Jigawa, babur ne abin hawan da ya fi shiga ƙauyuka, don haka girman taya da zanenta da yawan iskar da ke cikinta suna shafar kuɗin mai, da lafiyar fasinja, da kuma ko za a isa kasuwa ko asibiti a kan lokaci. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a zaɓi taya bisa hanyar da ake bi kullum, ba bisa wuri mafi muni da ake ratsawa jefi-jefi ba.

Yanayin hanyoyin yankin

Gaya tana da faɗin ƙasa murabba'in kilomita 613, Ajingi kuma 714. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 200,000 a Gaya, da sama da 170,000 a Ajingi, kuma mafi yawansu manoma ne mazauna ƙauyuka. Kwalta ta haɗa Gaya da Wudil da birnin Kano, amma da an sauka daga manyan hanyoyi sai a shiga burji, daga nan kuma a shiga hanyar ƙasa wadda amalanken shanu suka yi wa kwari biyu.

Hanya ɗaya takan sauya hali sau biyu a shekara. Da rani ƙasar jigawa takan saki, rairayi ya taru a kwaruruka da mashigar gari. Da damina, musamman daga Yuli zuwa Satumba, rairayin yakan danne ya yi daɗin bi, amma wuraren fadama su koma taɓo mai santsi. Bayan girbi kuma akwai tushiyar kara da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, waɗanda su ne ke yawan kai mai babur wurin mai faci.

A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaba a cikin birni, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero. A karkara sana'ar ta ci gaba, kuma baburan ba fasinja kaɗai suke ɗauka ba: buhunan gero da dawa, jarkokin ruwa, har da akuya a ranar kasuwa.

Ma'anar lambobin jikin taya

A gefen kowace taya akwai lambar girmanta. Idan an rubuta 3.00-17, faɗin tayar inci 3 ne, wilin da take hawa kuma inci 17. Idan an rubuta 100/90-17, faɗin milimita 100 ne, tsayin gefen tayar kuma kashi 90 cikin 100 na faɗin. Lambar ƙarshe ba a sauya ta: tayar inci 18 ba ta zama a wilin inci 17.

Bajaj Boxer, ƙirar Indiya, wanda 'yan acaba suka fi amfani da shi, yana zuwa da wili inci 17, kuma ƙaraminsa mai injin 100 yana ɗaukar 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Ƙananan baburan da ake kira roba-roba su ma inci 17 ne, sai dai tayoyinsu sun fi siranta. Tsofaffin samfura irin Honda CG125 da Jincheng AX100 inci 18 ne. Ƙafa mai inci 18 ta ɗan fi sauƙin tsallake rami da kunya, domin da'irarta ta fi girma.

Akwai kuma alamar 4PR ko 6PR ko 8PR, wadda ke nuna ƙarfin jikin tayar. Mai 6PR ta fi mai 4PR jure kaya da ƙaya, amma ta fi tauri. Wata lambar kamar 50P tana nufin tayar na ɗaukar kilo 190, kuma iyakar gudunta kilomita 150 a awa. Wanda ya san nauyin direba da buhu biyu na hatsi zai gane cewa tayar baya ta babur ɗin ranar kasuwa takan yi aiki daf da iyakarta, wani lokacin ma ta wuce.

Faɗi da siranta

Abin da ke hana taya nutsewa a rairayi shi ne girman sawunta, wato wurin da ta taɓa ƙasa. Idan nauyi ya bazu a kan wuri mai yawa, ƙasa ba ta lotsawa. Wannan ne ya sa mutane da dama ke ɗauka cewa duk tayar da ta fi faɗi ta fi kyau. Gaskiyar maganar rabi ce.

Taya mai faɗi ta fi nauyi, ta fi jan injin, kuma tana sa babur ya yi wuyar juyawa a hanyar da ta yi ta karkacewa tsakanin gonaki. Idan aka matsa ta a kan siririn wili, bayanta yakan tashi ya yi tozo, sawun nata ya ragu maimakon ya ƙaru. Tana kuma iya gogar cen ko ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya, kuma da damina laka takan cushe tsakaninta da murfin taya har ƙafar ta daina juyawa. A taɓon da ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, siririyar taya ce ma ta fi, domin takan yanka lakar ta isa inda za ta kama. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗan ƙarin man da taya mai nauyi ke sha ya zama abin lissafi ga ɗan acaba.

Irin wannan ciniki ne masu babur ɗin dusar ƙanƙara ke yi a Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen arewacin Turai. Wannan abin hawa, wanda kamfanin Joseph-Armand Bombardier na Kwibek ya fara sayar da samfurinsa na Ski-Doo a 1959, ba shi da tayar baya. Wani bel ne na roba mai haƙora yake juyawa a ƙarƙashinsa. Masu hawa duwatsu inda ƙanƙara ke da zurfi da taushi suna zaɓar dogon bel, inci 154 ko fiye, don kada su nutse. Masu bin hanyar da aka riga aka daddaɓe kuwa suna tsayawa a tsakanin inci 120 da 137, domin gajeren bel ya fi sauƙin shan kwana kuma ya fi rashin nauyi. Mai babur a Ajingi da yawancin tafiyarsa a kan burji take, yana matsayin na biyun ne. Girman da kamfani ya sa wa babur ɗin, ko abin da ya ɗara shi da mataki ɗaya a ƙafar baya kaɗai, ya wadatar da shi.

Iska

Yawan iska ya fi faɗi tasiri a kan girman sawun taya. A ƙiyasce, sawun daidai yake da nauyi a raba shi da ƙarfin iskar. Alal misali, idan ƙafar baya na ɗauke da kilo 160, iskar kuma 28 ce a ma'aunin PSI, sawun zai kai kimanin murabba'in santimita 80. Idan aka rage iskar zuwa 21, zai haura 100, kuma yawancin ƙarin a tsawo yake, ba a faɗi ba. Wannan ita ce dabarar da direbobin hamada suka daɗe suna amfani da ita, har da masu gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978 kuma ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar.

Sai dai dabarar tana da haɗari. Taya mai ƙarancin iska idan ta daki dutse ko bakin rami, wili yakan cije tif ya huda shi wuri biyu. Tayar na iya zamewa a kan wili ta tsinke bakin tif. Idan kuma aka hau kwalta da ita da kaya a zafin bazara, takan yi zafi har ta fashe. Shi ya sa rage iska ke da amfani ga mai famfo a kusa kawai. Kuskuren da ya fi yawa ma akasin haka ne: a cika taya tam don ta ɗauki kaya, sannan a manta da ita a haka bayan an sauke, babur ya riƙa tsalle a kan burji, ƙafar gaba tana zamewa a rairayi.

Zane da tif

Zanen taya iri uku ne. Mai ƙananan layuka ta kwalta ce, ba ta ƙara kuma tana daɗewa. Mai manyan haƙora masu tazara ta daji ce. Tana kama laka tana kuma watsar da ita, amma a kan kwalta tana saurin cinyewa, birkinta kuma ba ya kamawa sosai. Ta uku tsaka-tsaki ce, haƙoranta gajeru ne a kusa da juna, kuma ita ta fi dacewa da wanda ke haɗa burji da kwaltar Wudil a rana ɗaya.

Wili mai sifok da tif ya fi yawa a ƙauye, domin yana jure duka, ana iya miƙar da shi idan ya lanƙwashe, kuma kowane mai faci ya iya gyaransa. Taya marar tif, wadda ake kira tubles, idan ƙaya ta soke ta iskar a hankali take fita, amma idan wilin ya lotsa ba ta riƙe iska.

Shekarun taya

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, yawancin tayoyin da ake sayarwa a Najeriya shigo da su ake yi, na babur galibi daga Sin da Indiya da sauran ƙasashen Asiya. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman idan ta daɗe a rana. Tayoyi da yawa suna ɗauke da lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙira: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2423 ke nufin mako na 24 a 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa takan yi gargaɗi a kan amfani da tayar da ta tsufa ko ta suɗe. Alamun da ake dubawa su ne tsagewa a gefe, kumburi, da zaren da ya fara leƙowa daga tsakiyar tayar.