USUR DA AGOGO: TARIHIN MAKI A ƘWALLON KWANDO

Maƙalar wannan makon ta samo asali ne daga wata gardama da aka tafka a majalisarmu ta Maƙarfi bayan sallar isha'i. Wani ƙanenmu ya nuna mana a waya yadda ƙungiyoyin gasar NBA ta Amurka ke tashi 130 da 125, ya ce 'yan wasan da ba su iya komai ba. Wani yayanmu da ya yi karatu a Samaru ya ce ina, na yanzu ne ba su iya tsaron gida ba. Da na bi tarihin sai na ga dukkansu sun manta da mutum na uku: mai usur, da dokar da aka ba shi ya yi aiki da ita.

A shekarar 1891 James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield. Shekaru kusan sittin bayan nan, babu dokar da ta hana ƙungiya riƙe ƙwallo iya son ranta. In ta shiga gaba sai ta yi ta miƙa wa juna har lokaci ya cika. Ranar 22 ga Nuwamba, 1950, Fort Wayne Pistons ta doke Minneapolis Lakers da 19 da 18. Wasan ƙwararru ke nan, an biya kuɗi an shiga kallo!

Maganin ya zo a 1954 daga Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse. Lissafinsa mai sauƙi ne: minti 48 daƙiƙa 2,880 ke nan, in an raba da jifa 120 sai a samu 24. Aka kafa doka cewa dole ƙungiya ta yi jifa cikin daƙiƙa 24 ko ta rasa ƙwallo. A kaka ɗaya, matsakaicin makin kowace ƙungiya ya tashi daga 79.5 zuwa 93.1. Mutanen su ne dai, agogo ne sabo. Zuwa kakar 1961/62 an kai 118.8, kakar da Wilt Chamberlain ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa guda. Wannan adadi ya fi na yau. To, ƙanena, su wa ke nan ba su iya ba?

A 1979 NBA ta shata layin maki uku, amma an daɗe ana kallonsa kamar ado. Wasan ya ci gaba da zama na dogaye a gindin kwando, kuma alƙalai suna barin mai tsaro ya ɗora hannu a jikin mai ƙwallo yana juya shi. A wannan zamani ne namu Hakeem Olajuwon ya yi tashe. A wasan ƙarshe na 1994, ƙungiyarsa Houston Rockets ta kara da New York Knicks sau bakwai, babu wadda ta kai maki 100 ko sau ɗaya. Olajuwon ya ɗauki kofi a 1994 da 1995, amma duk tsawon zamansa a NBA jifan maki uku 25 kacal ya ci. Ba abin da ake nema a wajensa ba ke nan. Kafin ƙarshen shekarun 1990 matsakaici ya gangaro zuwa 91.6.

Da hukumar gasar ta ga wasa ya koma kokawa, sai ta sake taɓa doka. A 2001 ta hana mai tsaro ya yi zaman dirshan a gindin kwando fiye da daƙiƙa uku in ba wani yake tsaro ba. A 2004 ta umarci alƙalai su riƙa busa duk hannun da aka ɗora wa mai ƙwallo. Nan take hanya ta buɗe wa gajeru masu sauri irin su Steve Nash na Phoenix Suns. Sai masu lissafi suka shigo: in ka yi jifan maki biyu sau 100 ka ci 50, maki 100 ne, in ka yi na maki uku sau 100 ka ci 35 kawai, maki 105 ne. Stephen Curry ya ci irin wannan jifa 402 a kakar 2015/16 kaɗai. Zuwa 2022/23 matsakaici ya kai 114.7.

Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa ta kwanan nan ce. A Janairun 2024, Joel Embiid ya ci 70, bayan kwana huɗu Luka Doncic ya ci 73. Aka yi ta ƙorafi. Daga tsakiyar kakar alƙalai suka rage busa ƙananan laifuka, maki ya sauka. Ranar 9 ga Afrilu aka buga tsakanin Milwaukee da Boston, jifan kyauta biyu kawai aka bayar a wasan gaba ɗaya, Boston ba ta samu ko ɗaya ba. Ba a canza ɗan wasa ko ɗaya ba, hannun mai usur ne ya yi nauyi.

Wani zai ce ina ruwanmu da Amurka? Da ruwanmu. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta lallasa Najeriya 156 da 73, da jifan maki uku 29. Bayan shekara tara, a Yulin 2021, D'Tigers ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, da jifan maki uku 20. Da makamin da aka yanka mu muka rama. Kuma nan kusa da mu, a Zariya, Masai Ujiri ya tashi. A filin Jami'ar Ahmadu Bello ya koyi wasa a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ake kira OBJ, har ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Daga Kudan zuwa wannan fili ba wata tafiya ba ce.

Ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Filin da na fara taɓa ƙwallon kwando a sakandare ba shi da layin maki uku, ba agogo, alƙali kuwa duk wanda usur ya faɗo hannunsa. Mun koyi ture da riƙon riga, muna ganin mun iya. Ranar da muka je wasa Zariya, kafin hutun rabin lokaci biyu daga cikinmu sun cika laifi biyar an fitar da su. Wasan 1990 muka kai musu, su kuwa sun wuce nan. Yaran Ikara, Maƙarfi da Kudan ba tsayi suka rasa ba, ba kuma ƙarfi ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Layin hukumar FIBA mita 6.75 ne daga tsakiyar kwando: galan ɗaya na fenti da tef ɗin tela sun isa. Wayar kowa tana ƙirga daƙiƙa 24. Abin da ya rage shi ne malaman wasanni su san dokar da ake busawa yau, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙanena da yayana, kowa ya yi gaskiya rabi. Kafin ka auna Olajuwon da Curry, fara tambayar wane usur kowannensu ya taka a ƙarƙashinsa. Wanda ya san filin makarantar da ke buƙatar fenti a yankinmu ya faɗa mana, mu ga abin da za mu iya haɗawa.