Matan Jieng da maganar sulhu

Yau za mu leƙa Sudan ta Kudu, wurin mutanen Jieng, waɗanda aka fi sani da Dinka. Makiyayan shanu ne, suna kuma noman dawa.

A gargajiyarsu shugabanci na maza ne. Babbansu shi ne "beny bith", wato mai mashin kamun kifi. Gadon matsayin ake yi. Shi ke roƙon ruwa, shi ke raba faɗa.

To, ina mata? Ku lura da kyau. Mutumin Jieng ba ya aure cikin danginsa. Saboda haka kowace matar aure gida biyu gare ta. In dangin biyu suka yi faɗa, ɗanta yana nan, ƙanenta yana can. Ko wa ya faɗi, ita ce da makoki. Wa zai fi ta son sulhu?

A 1991 ƴan tawayen kudancin Sudan suka rabu biyu. Jieng da maƙwabtansu Nuwer suka shiga kashe juna, ana kwashe shanu, ana sace mata da yara. A 1999 shugabannin kirista suka kira taron sulhu a ƙauyen Wunlit. Sarakuna suka zo, aka yanka farin sa. Mata ma suka zauna cikin wakilai, suka faɗi abin da yaƙi ya yi musu. Aka yi alkawarin maida waɗanda aka sace.

Awut Deng Acuil tana cikin matan da suka yi wa sulhun nan aiki. A 2019 ta zama ministar harkokin wajen ƙasarta.