Zambo da Kirari a Taswirar Zaɓen Birtaniya

Ranar Alhamis ta farko a watan Mayu ce ranar zaɓen kansiloli a Birtaniya. Kafin azahar ɗin Juma'a gidajen talabijin sun shafe taswirar ƙasar da launuka: ja na jam'iyyar Leba, shuɗi na Conservative, ruwan goro na Lib Dem, toka-toka kuma inda babu mai rinjaye. Sai masu sharhi su shiga kiran sunaye, wai ganuwa kaza ta tsage, jirgi kaza ya nutse. Mai sauraro zai zaci tsofaffin sunaye ne da mutanen wuraren suka raɗa wa kansu. In aka bi salsalarsu kuwa, akasarinsu daga bakin abokan hamayya suka fito, wasu don zagi, wasu don an fara kwaɗayin wurin.

Laƙabin jam'iyyar Conservative kansa, wato Tori, zagi ne tun asali. Kalmar ta fito daga harshen mutanen Ailan, tana nufin ɗan fashin da ake farauta a daji. Tsakanin 1679 da 1681, da aka yi rikici kan ko James, ƙanin Sarki Charles na Biyu, zai gaji sarauta alhali shi ɗan Katolika ne, masu son a hana shi suka jefi magoya bayansa da wannan suna. Su ma waɗancan suka rama da kiran su Wig, sunan wasu 'yan tawayen karkarar Sikotilan. Wig ta shuɗe, Tori kuwa ta zauna, har 'yan jam'iyyar na kiran kansu da ita ba tare da jin komai ba. Leba ce ta zaɓi sunanta da kanta a 1906, kuma tushensa ɗaya da kalmar lebura da muka ara. Shi ya sa tun farko ƙarfinta yake inda ramukan kwal, masaƙu, tashoshin jiragen ruwa da ƙungiyoyin ƙwadago suke.

Sunan da ya fi tashe a 'yan shekarun nan shi ne Jar Ganuwa. Wani mai nazarin ƙuri'u da ya yi wa 'yan Tori aiki, James Kanagasooriam, shi ya fito da shi a shafin Twitter cikin watan Agustan 2019. Abin da yake nufi wani jerin mazaɓu ne daga arewacin Wales ya ratsa arewacin Ingila da tsakiyarta, inda shekarun mutane, mallakar gidaje da yanayin rayuwarsu suka yi kama da na masu zaɓen Tori, amma gado ya ɗaure su ga Leba: kaka ya yi, uba ya yi, ɗa ma haka. Ke nan wanda ya kira ta ganuwa ƙofar shiga yake nema. Wata huɗu bayan haka, a babban zaɓe, Tori ƙarƙashin Boris Johnson ta kwashe kujeru irin su Bolsover, Workington da Sedgefield, tsohuwar mazaɓar Tony Blair na Leba.

Lardin Durham ne ya fi nuna yadda labarin ya kasance a matakin ƙananan hukumomi. A 1919 majalisarsa ta zama majalisar lardi ta farko da Leba ta kama a Ingila, ƙarƙashin wani mai haƙar kwal, Peter Lee, wanda daga baya aka sa wa garin Peterlee sunansa. Kusan shekara ɗari ana nan a haka. Amma ramukan kwal na ƙarshe sun rufe a farkon shekarun 1990, ƙungiyar mahaƙa ta yi rauni, kuma a 2016 yawancin mutanen lardin suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. A 2021 Leba ta rasa rinjaye. A Mayun 2025 jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta ci kujeru 65 cikin 98, Leba ta tsira da huɗu kacal. Shekara shida ba su cika ba tsakanin raɗin sunan da wannan faɗuwa.

Shuɗiyar Ganuwa ita ma a bakin masu son rushe ta ta yi suna. A Amurka aka fara amfani da kalmar, ga jihohin da Dimokurat ke ci a kai a kai, domin a can launukan a juye suke. A Ingila tana nufin garuruwan masu hali da ke kewaye da Landan, inda ma'aikatan ofis masu digiri ke kwana su shiga birni da jirgin ƙasa da safe. Yawancinsu sun so a zauna cikin Tarayyar Turai, kuma ba su ji daɗin yadda Tori ta karkata ga arewa ba. Da Lib Dem ta ci zaɓen cike gurbi na Chesham da Amersham a Yunin 2021, shugabanta Ed Davey ya sa aka jera shuɗɗan tubala, ya ɗauki guduma mai ruwan goro ya watsar da su a gaban kyamarori. Majalisar Woking ta koma hannunsu a 2022, Guildford da Windsor da Maidenhead suka biyo baya a 2023.

Kafin a ƙirƙiro wannan, tsohon sunan ƙasar Tori shi ne shaya, kalmar da ke maƙale a wutsiyar sunayen larduna irin su Lincolnshire da Staffordshire. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce ta yankin mulki, kuma in an ce Torin shaya ana nufin manomi mai gona, coci da ƙauye, wanda bai taɓa tunanin sauya sheƙa ba. Zaɓen 2025 ya sa sunan ya zama tarihi. Reform ta kama majalisu goma, har da waɗannan larduna biyu. A Kent, Tori ta sauko daga kujeru sama da 60 zuwa biyar, Reform ta ɗauki 57 cikin 81. Oxfordshire, Cambridgeshire da Shropshire kuwa Lib Dem ta tafi da su.

Akwai suna guda da jam'iyya ta yi wa kanta kirari da shi, wato jirgin tuta, jirgin yaƙin da kwamandan ruwa ke hawa sauran na biye. Haka Tori ta riƙa kiran majalisun Wandsworth da Westminster a Landan. Wandsworth ta zo hannunsu a 1978, ta yi suna wajen ƙarancin haraji da ba kamfanoni kwangilar kwashe shara, har ana ce mata 'yar gaban goshin Margaret Thatcher. A 1990, da jam'iyyar ta sha kaye a sassan ƙasar saboda harajin kai da aka ƙaƙaba wa kowane baligi, ciyamanta Kenneth Baker ya riƙa nuna nasarar waɗannan majalisu biyu kamar ita ce sakamakon zaɓen gaba ɗaya. Kirarin ya jawo musu ido. Leba ta yi shekaru tana hari, ta kama duka biyun a 2022, kuma Westminster ba ta taɓa barin hannun Tori ba tun kafa ta a 1964 sai a ranar.

A Sheffield kuwa habaici ne ya zama abin alfahari. A shekarun 1980, lokacin da David Blunkett ke jagorantar majalisar birnin, ana ɗaga jar tuta a kan ginin majalisa ranar ma'aikata, kuɗin bas kuma ya yi arha ƙwarai saboda tallafi. 'Yan adawa suka laƙaba wa yankin Jamhuriyar Gurguzu ta Kudancin Yorkshire, mutanen gari suka karɓe sunan suna murmushi.

Inda jam'iyya ɗaya ta cinye komai, zagin da ake yi shi ne ruɓaɓɓiyar mazaɓa. Asalinsa tun kafin gyaran dokar zaɓe na 1832 ne, lokacin da wani tudu da ba kowa a kansa, Old Sarum, ke aika wakilai biyu majalisar dokoki, alhali Manchester ba ta da nata ko ɗaya. Mujallar barkwanci ta Private Eye ta ari sunan ta sa wa shafinta na tonon asirin kansiloli. Masu neman a sauya tsarin zaɓe kuma suna jifar wurare irin Barking da Dagenham da shi, inda Leba ta ci duka kujeru 51 a zaɓe huɗu a jere, daga 2010 zuwa 2022. Dalilin a fili yake: a Ingila wanda ya zo na ɗaya a gunduma shi ke ɗaukar kujera, don haka jam'iyyar da ta zo ta biyu a ko'ina za ta tashi a tutar babu. Wannan tsarin ne ya mayar da wasu birane hamada ga Tori. A ƙarshen shekarun 1960 ita ke mulkin Liverpool da Manchester, amma a 1998 kansilanta na ƙarshe ya bar majalisar Liverpool.

Launin toka shi ne ba a yi masa zambo ko kirari ba, sunansa kawai babu mai cikakken iko. A Sikotilan shi ya fi yawa, domin tun 2007 ana raba kujerun kansila ne gwargwadon ƙuri'u. A ƙarƙashin wannan tsari Leba ta rasa Glasgow a 2017, jam'iyyar kishin Sikotilan ta SNP ta zama babba ba tare da rinjaye ba. Tsibiran Orkney da Shetland kuwa 'yan takara masu zaman kansu suka fi zaɓa. A Wales harshe ne ke shata iyaka: larduna huɗu da jam'iyyar kishin Wales ta Plaid Cymru ta ci a 2022, wato Gwynedd, Anglesey, Ceredigion da Carmarthenshire, su ne inda aka fi jin harshen ƙasar a kasuwa. Tokar ta fara shiga tsofaffin garuruwan Leba ma. A 2024 jam'iyyar ta rasa rinjaye a Oldham, bayan unguwannin Musulmi da dama sun juya ga masu zaman kansu saboda fushin yaƙin Gaza.

Don haka, mai karatu, in ka ji an ce wuri kaza tungar jam'iyya kaza ce a Birtaniya, ka tambayi wa ya raɗa sunan, a wace shekara, kuma me yake nema. Sannan ka duba sakamakon zaɓen kansiloli na baya-bayan nan, domin sunayen sukan daɗe a bakin 'yan jarida bayan masu ƙuri'a sun riga sun sauya hannu.