Cire rufin tsohuwar jif: Abin da ke ɗaure a jikinsa da yadda ake sauke shi lafiya

A samfurin 1992, kamfanin Ford na Amurka ya yi wani abu da ba a saba gani ba. Ya ci gaba da ƙera motarsa Bronco da rufin baya wanda ake iya kwancewa, amma ya share bayanin yadda ake kwance shi daga littafin da ke zuwa tare da motar. Bai tsaya nan ba, ya ɗaure rufin da wani irin noti wanda sifana da sukurudireba na yau da kullum ba sa kama shi. Dalilin shi ne a wannan shekara rufin ya fara ɗauke da kayan kare rai, ta yadda duk wanda ya sauke shi ya sauke su tare.

Wannan labari shi ne mabuɗin fahimtar aikin gaba ɗaya. Kwance noti da ɗaga rufi aiki ne da ake gamawa a yini guda. Abin da ke buƙatar ilimi shi ne sanin me rufin ke riƙe da shi a samfurin da ake magana a kai, da kuma me motar za ta rasa idan ya sauka.

Asalin waɗannan motoci

Jif mai rufin cirewa ta yi tashe a Amurka tsakanin shekarun 1960 da 1990. Kamfanin International Harvester ya fito da Scout a 1961, ya ci gaba da ƙera ta har 1980. Ford ya biyo baya da Bronco a samfurin 1966, sai Chevrolet da K5 Blazer a 1969. Kamfanin Jeep ya kawo CJ-7 a 1976, wadda mai saye ke iya zaɓa mata rufi mai tauri da ƙofofin ƙarfe. Daga Japan kuma akwai Toyota Land Cruiser FJ40 da aka fara ƙerawa a 1960, da 4Runner ta farko daga 1984 zuwa 1989.

Tunanin da ke bayan ƙirarsu ɗaya ne. Manomi ko mafarauci yana son mota guda da za ta rufu ruf a lokacin sanyi da ƙanƙara, ta kuma buɗe kamar a-kori-kura idan zafi ya shigo ko aka tashi lodin kaya masu tsawo. Don haka aka ɗora rufin a kan roba, aka ɗaure shi da noti maimakon a yi masa walda.

Rufi iri biyu

Iri na farko cikakke ne, yana tasowa daga saman gilashin gaba har zuwa ƙarshen mota. Shi ne a kan Bronco ta 1966 zuwa 1977, inda aka yi shi da ƙarfe, da Blazer ta 1969 zuwa 1975, inda aka yi shi da faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro aka busar. Idan aka sauke irin wannan rufi, direba da fasinjoji duk suna fili.

Iri na biyu rabi ne. Wurin direba yana da rufin ƙarfe na dindindin, sai ɓangaren baya kawai ke sauka. Chevrolet ya koma wannan tsari a 1976 ya riƙe shi har 1991, domin ya rage yoyo kuma ya ƙara wa na gaba kariya idan mota ta wuntsila. Bronco ta bi sahu daga 1978 har zuwa watan Yuni na 1996, lokacin da aka daina ƙera ta a masana'antar Wayne da ke jihar Michigan. Farar Bronco da duniya ta kalla a talabijin ranar 17 ga Yuni, 1994, 'yan sanda na bin ta ɗauke da O.J. Simpson, samfurin 1993 ce, daga cikin wannan rukuni.

Bambancin yana da tasiri a aikace. Cikakken rufi yana haɗa gilashin gaba da bayan mota, don haka yana taimaka wa bodi ya tsaya ƙyam. Idan tsatsa ta riga ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, sauke rufin kan fallasa raunin nan take: ƙofa ta fara gogar bodi ko ta ƙi rufuwa, wani lokaci ma ramukan noti su ƙi daidaituwa a ranar mayarwa. Shi ya sa ake duba ƙasan mota kafin a duba samanta.

Abin da ya sauya a 1992

Dokokin Amurka sun wajabta bel mai ratsa kafaɗa a kujerun baya na gefe a irin waɗannan motoci tun daga samfurin 1992. Fitilar birki ta uku, wadda ake ɗorawa a sama a tsakiya, ta zama dole ga ƙananan motoci a samfurin 1986, ga jif da a-kori-kura kuma a samfurin 1994. A Bronco babu ginshiƙin ƙarfe a baya da za a maƙala waɗannan abubuwa, don haka Ford ya ɗaure kan bel ɗin da fitilar a jikin rufin faiba.

Sakamakon shi ne Bronco ta 1992 zuwa 1996 da aka sauke wa rufi ta rasa wurin da bel ɗin kafaɗa na baya ke ratayewa, ta kuma rasa fitilar birkin sama. Notin da kamfanin ya sa shi ne nau'in Torx mai hana taɓawa: raminsa kamar tauraro mai tsini shida, da ɗan ƙarfe tsaye a tsakiya, sai makulli mai lamba T40 wanda aka huda bakinsa ke shiga. Ana samun makullin a kasuwa, amma samunsa ba ya warware matsalar. Wanda ya ƙuduri aniyar sauke rufin irin wannan mota, ko dai ya sa a kafa masa ƙarfen kariya mai wurin ɗaura bel, ko kuma ya bar kujerar baya babu kowa.

Shiri kafin a taɓa noti

A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu. Idan ƙasa ta karkace, bodi kan ɗan murɗe, notoci su yi tauri, rufin ya maƙale. A guji ranar iska mai ƙarfi, domin faffaɗan rufi na kama iska ya suɓuce daga hannu.

Kwana ɗaya kafin aikin, a fesa wa kowane noti man sassauta tsatsa. A motar da ta haura shekara talatin, notin da aka tilasta yakan karye a cikin raminsa, ko kuma ƙarfen da ke riƙe da shi a cikin bodi ya ɓalle ya riƙa juyawa tare da shi. Gyaran wannan ya fi duk sauran aikin cin lokaci.

A tanadi wurin da za a ɗora rufin tun kafin a ɗaga shi, ko katako biyu masu kauri ko tsofaffin tayoyi da aka shimfiɗa wa bargo. A kuma tanadi mutane. Rabin rufin faiba da gilasansa ya fi buhun siminti nauyi, cikakken kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma faɗinsa ya fi nauyinsa wahalarwa. A nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: mutum huɗu, kowa a kusurwa ɗaya. Wanda ke aiki shi kaɗai sai ya rataya kurar ɗaga kaya a ginshiƙin gareji mai ƙwari, ya yi amfani da faffaɗan maɗauri wanda ba zai yanki gefen faiba ba.

Yadda ake sauke shi

Matakan da ke tafe na Bronco ta 1978 zuwa 1996 ne, kuma sun yi kusa da na Blazer ta 1976 zuwa 1991.

1. A saukar da gilashin baya gaba ɗaya cikin murfin baya, sannan a buɗe murfin. Gilashin da lantarki yake aiki, kuma gefensa na bin wata hanya da ke jikin rufin, don haka dole ya sauka kafin a cire kan batir.

2. A kwance robobin ado na ciki da ke rufe notoci, a gefe biyu da kuma saman inda rufin ya haɗu da wurin direba. Zafin shekaru ya busar da su, suna karyewa da ƙaramin ƙarfi.

3. A cire kan batir, a zare wayoyin fitilar ciki da ta birkin sama daga mahaɗarsu. A riƙe soket ɗin a ja, kada a ja wayar. A naɗe bakin da ya rage a mota don kada ruwa ya shiga.

4. A samfurin 1992 zuwa sama, a kwance notin da ke riƙe da kan bel ɗin kafaɗa. A ware shi dabam, domin noti ne mai ƙarfi na musamman, ba a musanya shi da na gama-gari.

5. A sassauta dukkan notocin rufin kaɗan-kaɗan kafin a zare ko ɗaya. Kowane rukuni a sa shi a leda a rubuta inda ya fito, domin tsawonsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Ɗaukar hoto da waya kafin kowane mataki na rage ruɗani.

6. A bi gefen rufin da hannu a tabbatar babu noti ko waya da aka manta. Idan rufin ya ƙi motsi, sau da yawa tsohuwar roba ce ta manne. Mutum ya shiga ciki ya tura sama a hankali, kusurwa bayan kusurwa. Kada a cusa ƙarfe a ɓamɓara, domin yana tsaga faiba ya kuma kankare fenti, tsatsa ta samu ƙofa.

7. A ɗaga rufin sama tsaye har ya fita daga ƙusoshin da ke daidaita zamansa, sannan a yi baya da shi tare. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni. Kada kowa ya sa yatsa tsakanin rufi da bodi, kuma kada a riƙe ta gilashi.

A motoci masu cikakken rufi akwai ƙarin layin noti a saman gilashin gaba. Su ake fara sassautawa, kuma a saukar da gilasan ƙofofi kafin a ɗaga.

Ajiya

Faiba na lanƙwashewa idan aka bar ta wata da watanni a kan abin da bai daidaita ba. A ajiye rufin yadda yake zaune a mota, gefensa biyu a kan katako, a inuwa, babu kaya a kansa. Rufin da aka jingine a bango yakan buɗe baki ko ya tsuke, ranar mayarwa ramuka su saɓa. Ramukan da suka rage a bodi kuma a toshe su, ko da notocinsu ne da ɗan giris, don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Tuƙi babu rufi

Waɗannan motoci dogaye ne, gajeru a tsakanin tayoyi. Bronco ta farko inci 92 ce kacal daga tayar gaba zuwa ta baya. Irin wannan ƙira ta fi ƙaramar mota saurin kifewa a kwana mai tsanani, kuma batun ya tayar da ƙura a Amurka a watan Disamba na 1980, lokacin da shirin 60 Minutes na tashar CBS ya yi rahoto kan wuntsilawar Jeep CJ-5. Rufin faiba bai kai ƙarfen kariya ba, amma yana rage yiwuwar mota ta watso mutum waje. Idan ya sauka, bel da ƙarfen kariya ne kaɗai suka rage, kuma ƙarfen sai an ɗaure shi a wuri mai ƙwari, ba a kan falankin da tsatsa ta cinye ba.

Akwai haɗari na biyu da ido ba ya gani. Mota mai tafiya tana barin wani gurbi a bayanta da ke zuƙo iska, hayaƙin salansa ya biyo ya shigo wurin fasinja. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa ba ta da launi, ba ta da wari, alamarta ta farko ciwon kai da jiri. A duba salansa daga inji har ƙarshe, a toshe duk wata huda. Gilashin baya kuma a bar shi a sauke, domin babu abin da ke tallafe shi a sama, girgizar hanya na iya fasa shi.

Mayar da rufi

A wanke bakin bodi, a kankare tsatsar da ta ɓoye ƙarƙashin roba, a shafa fenti. Robar da ta bushe ko ta baje a sauya ta, domin ita ce tushen yawancin yoyo. A ɗora rufin a kan ƙusoshin daidaitawa, a fara ɗaura kowane noti da hannu kafin a sa sifana a ko ɗaya. Daga nan a bi su zagaye biyu ko uku, ana ƙara ƙarfi a hankali. Matsewa fiye da kima na tsaga faiba a kewayen rami. A mayar da bel da wayoyi, a taka birki wani ya tabbatar fitilar sama ta kama, a ɗaga gilashin baya a ga ko yana tafiya sumul. Gwaji na ƙarshe shi ne a zuba ruwa a sama, mutum ɗaya na ciki yana lura da inda ya ɗigo.

Ga masu irin wannan mota a nan

Tsofaffin Land Rover da Land Cruiser FJ40 da suka daɗe suna aiki a karkarar Najeriya da Nijar su ma da noti aka ɗaure rufinsu, shi ya sa ake ganin wasu da tamfol, wasu da rufin ƙarfe, wasu an mayar da su a-kori-kura. Ƙa'idojin da aka zayyana sun shafe su, musamman duba tsatsa da duba inda bel ke ɗaure. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya tun ranar 1 ga Janairu, 2003. Yanayi ma abin lura ne: ƙurar hunturu na cika mita da makullan lantarki, rana na fasa dashbod da kujeru, ruwan damina kuma na kwanciya ƙarƙashin kafet ya ci falanki. Mai sayen tsohuwar jif da aka shigo da ita daga Amurka ya fara karanta shekarar ƙira a lambar da ke jikin ƙofar direba, sannan ya ɗaga kai ya duba ko bel ɗin baya a jikin rufi yake ɗaure.