Tarihin Allurar Sanƙarau a Ƙasashen Bakin Hamada

Ciwon sanƙarau daɗaɗɗen abu ne a ƙasashen da ke jere a bakin hamada, tun daga Sanagal har Habasha, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsu. Wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, shi ya zana iyakar wannan yanki cikin 1963. Yakan taso da hunturu, ya tsananta da bazara, in damina ta sauka ya kwanta.

Allurar rigakafinsa ta farko ta samu tun wajen 1970, amma tana da rauni. Ba ta kāre jarirai sosai, ƙarfinta kuma yakan gushe bayan shekara biyu ko uku. Saboda haka ba a yin ta sai annoba ta ɓarke, watau sai an fara kai mutane kushewa sa'an nan a aika neman allura. Haka aka yi ta yi har 1996, shekarar da ciwon ya kama mutum wajen 250,000 a yankin, ya kashe wajen 25,000. A Nijeriya kaɗai ya kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa.

To, a nan ne bambancin mai hali da marar hali ya fito fili. Sanƙarau iri-iri ne, likitoci sun raba su da haruffa. Cikin 1999 Ingila ta fara yi wa 'ya'yanta sabuwar allura mai daɗewa a jiki, ta irin C, wanda ya ke damunta. Irin A kuwa, mai kashe mutanen Afirka, babu kamfanin da ya tanka masa. Ba ilmi aka rasa ba, gama dabarar ɗaya ce. Abin da aka rasa shi ne mai saye da tsada.

Cikin 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka haɗa kai, Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70. Kafin su soma aiki suka yi wani abu wanda ba a saba yi ba, suka tambayi hukumomin lafiya na Afirka nawa za su iya biya. Aka ce musu in allura ɗaya ta wuce rabin dala, to ba ta talaka ba ce. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su yarda da wannan farashi ba. Sai wani kamfani na birnin Pune a Indiya, Serum Institute, ya ɗauki aikin. Aka samo dabarar haɗawa daga hukumar magunguna ta Amurka, aka kawo sinadarin farko daga Amsterdam.

Allurar, mai suna MenAfriVac, an fara yin ta cikin Disamba 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Nijeriya ta bi cikin 2011. A Cadi, inda aka auna, ciwon ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a wuraren da aka yi ta. Wani alherinta kuma, tana iya kwana huɗu ba ƙanƙara cikin zafin da ya kai awo 40, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyen da ba lantarki.

Amma da irin A ya kau, sai irin C ya ɗaga kai. Ya faɗa wa Yamai cikin 2015, ya faɗa wa Zamfara da Sakkwato da Katsina cikin 2017. Aka buɗe rumbun allura na duniya, wanda aka kafa cikin 1997, aka tarar abin da ke ciki bai kai bukata ba, alhali 'ya'yan Ingila sun shekara goma sha takwas suna samun rigakafin wannan iri ɗin.

Allurar da ta haɗa iri biyar, A da C da W da X da Y, ita ma daga Pune ta fito. Nijeriya ce ta fara yin ta a duniya, cikin Maris 2024.